Abin da ya kamata ya shiga ƙaramar jakarka kafin hawan tsauni

Tun da aka sanar cewa 'yan manyan aji za su fita yawon tsaunuka a Peak District, yara uku suka kawo mini abin da suka sayo a intanet: ɗan gwangwani mai ƙugiyar kamun kifi da zare da wayar yankan itace da ƙarfen ƙyasta wuta. Na yi dariya, don ni ma irinsa na fara saya. Sai dai ba kifi za ku kama a Kinder Scout ba.

Mu da muka taso a gida, idan aka ce daji, ƙishirwa da zafin rana da maciji ne ke fara zuwa mana a rai. A nan Ingila ba haka abin yake ba. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, shi ma gudun mutane yake yi. Abin da ke kayar da mutum a nan shi ne sanyi da jiƙa da iska. Zafin jikin ɗan Adam yana kusan digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, sai makyarkyata, sai harshe ya yi nauyi, sai tunani ya rikice, mutum ya fara yanke shawarar da ba zai yanke ba da yana cikin hayyacinsa. Yunwa tana ɗaukar makonni kafin ta kashe mutum. Sanyi kuwa dare ɗaya ya ishe shi.

Na ɗanɗana wannan a wani watan Nuwamba. Ni da abokina muka tashi daga ƙauyen Edale bayan azahar, ina sanye da wandon jins. Tsayin Kinder Scout mita 636 ne kawai, amma samansa shimfiɗaɗɗen fili ne mai laka, ko'ina kama ɗaya. Hazo ya sauko, yayyafi ya biyo baya, sanyi ya shanye cajin wayata, ita ce kuma taswirarmu. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi. Gwangwanina na aljihu, babu abu ɗaya a cikinsa da ya amfane ni. Allah Ya kawo wasu mutane biyu masu tocila, muka bi su muka sauko.

Tun ranar, tambaya biyu nake yi wa duk abin da zan ɗauka: zai riƙe mini ɗumi? Zai sa a gan ni ko a ji ni? In babu ko ɗaya, ya zauna a gida.

Na farko shi ne buhun leda mai kauri, ruwan lemo, wanda mutum ke shiga cikinsa gaba ɗaya. Ana sayar da shi a shagunan kayan zango, ba tsada, idan aka naɗe shi bai wuce girman littafi ba. Yana tare iska da ruwa, launinsa kuma ana hango shi daga nesa. Na fi yarda da shi a kan siririn bargon nan mai ƙyalli, wanda iska ke yagawa. Ka haɗa da hular sanyi da safar hannu da busasshiyar safa a cikin leda mai zif. In ka shiga buhun, ka zauna a kan jakarka, don ƙasa ma tana tsotse ɗumin jiki. Iyaye kuma, don Allah a bar jins da rigar auduga, in suka jiƙe ba sa bushewa.

Sai usur da tocilar goshi da batir na ajiya. Murya tana dushewa, usur ba ya gajiya. Alamar neman agaji ita ce a busa sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Haka ma da haske. Amsar masu ceto busa uku ce, amma ko ka ji ta kada ka daina, da sautinka suke nemo inda kake.

Waya tana da amfani matuƙar tana da caji, don haka a ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, tare da ƙaramin fawa-bank. Idan matsala ta auku, a kira 999, a ce "police", sannan a ce "mountain rescue". Tun daga gida a tura kalmar "register" zuwa 999 a bi umarnin da za a aiko, saboda wani lokaci saƙon tes yana wucewa inda kira ya kasa. Duk da haka a riƙe taswirar takarda ta Ordnance Survey, mai lamba OL1, da kamfas. Kamfas ɗin aiki biyu zai yi mana: daga yankin Manchester alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 118.

Ruwa lita ɗaya, dabino cikin hannu, filasta da bandeji. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. A yi alwala kafin a fara hawa. Idan aka makale kuma ana tsoron ƙishirwa ko cutar sanyi, kun karanta babin taimama a Ahalari, duwatsu kuwa ga su nan birjik.

Wuƙa da ashana ban yarda yaro ya zo da su ba. Dokar ƙasar nan tana da tsauri a kan yawo da wuƙa, kuma a saman tsaunin babu itacen da za a yanka. Ƙasar wurin ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta taru shekaru dubbai, in ta bushe ta kama wuta tana ci ta ƙarƙashi. Waɗanda suke nan a 2018 sun tuna hayaƙin Saddleworth Moor da aka yi makonni ana fama da shi.

Buhun, usur, tocila da waya su kasance a jikinka, a aljihun rigar ruwa ko jakar ƙugu, don babbar jaka ana iya ajiye ta a rabu da ita cikin hazo. Kowa ya bar takarda a gida mai nuna hanyar da za mu bi da lokacin dawowa. Ranar Asabar bayan hadda kowa ya zo da jakarsa mu buɗe mu duba, sannan mu fita fili mu gwada usur.