Gargaɗi ga jama'ar Zongo da Kajehun: hadarinmu daga gabas yake zuwa

Jama'ar Zongon Kwatano, iyaye da 'yan'uwa, a saurara.

Da zarar damina ta ƙarato sai wani hoto ya fara yawo a WhatsApp: farin gajimare ya naɗe kamar gammo a kan teku, wai guguwa ce ta nufo mu. Don Allah a daina tura shi. Irin wannan guguwar ba ta saba sauka a gaɓarmu ba. Hadarin da ke haifar da ita sai ya ratsa Afirka ta Yamma, ya wuce Dakar, ya faɗa Tekun Atlantika, ya tarar da ruwan da ɗuminsa ya haura digiri 26, sannan ya murɗe ya nufi Haiti da Amurka.

Namu ta gabas yake ɓullowa, ta wajen Legas da Porto-Novo. Gari ya yi tsit, sama ta yi baƙi ƙirin, sai iska ta riga ruwa isowa. Ita ce ke yaye kwano, ta kifar da rumfa, ta tsinka wayar lantarki ta jefa cikin kwata.

Kuma ana hango shi tun kafin ya iso. Tauraron ɗan'adam na Meteosat yana tsaye a saman mashigin tekun Gini, nisan kilomita kusan 36,000. Wanda aka harba ranar 13 ga Disamban 2022 yana ɗaukar hoto duk minti 10, har walƙiya yake ƙirgawa. Cikin aikinsa har da auna zafin kan gajimare. Abin kamar bai-bai: kan da ya fi sanyi shi ya fi haɗari, domin sanyin na nuna gajimaren ya yi toroƙo ya kai can ƙololuwa, cike da iska da tsawa.  Wannan hoton ne ma'aikatan Météo-Bénin da na cibiyar ACMAD da ke Yamai ke dubawa kafin su yi shela. Na sha jin dattawa a ƙofar masallaci suna cewa wa ya san gobe in ba Allah ba. Gaskiya ne. Amma hadarin da aka riga aka gani a hoto yana tafe ba gaibu ba ne.

Wanda ya ga ambaliyar 2010 ba sai an ba shi labari ba. Kogin Ouémé ya tumbatsa, tafkin Nokoué ya shigo gidaje, mutane kusan 680,000 abin ya shafa a faɗin ƙasar, kwalara ta biyo baya.

Saboda haka mai gida ya hau ya duba ƙusoshin kwanonsa yau, ba ranar da iska ta taso ba. Matasa su fito a yashe magudanun layi, leda ta toshe su. In an ba da sanarwa, masu kasa kaya a kasuwa su tattara da wuri. 'Yan zemijan masu babur, ku sauke fasinja ku shiga gini, kada ku fake ƙarƙashin bishiya ko allon talla. Uwaye, a hana yara wasa cikin ruwan da ya kwanta, ba a san inda waya ta faɗi ba.

Zafin da ke gabatar hadari ma kisa yake. A Fabrairun 2024, zafi haɗe da laima ya sa jiki na jin kamar digiri 50 a wannan gaɓar tamu. A riƙa leƙa tsofaffi da masu ciki da ke kwana a ɗakin kwano, a ba su ruwa ko ba su tambaya ba.

Malamai limamai, a taimaka a faɗa bayan sallar Juma'a. In ruwa ya shigo gida a kashe mita tukuna, sannan a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.