Bashi Hanji Ne: Yadda Ma'aikaci Zai Daure Har Ya Sauke Nauyi

Babu sautin da ma'aikaci ya san daɗinsa da ɗacinsa kamar ƙarar wayarsa a ƙarshen wata, lokacin da alat ɗin albashi ya shigo. Murnar ba ta wuce ta 'yan mintoci. Ƙungiyar gama-kai ta ofis ta riga ta zare nata tun daga tushe, banki ya cire nasa kafin a kira sallar Magariba, mai shagon unguwa ya aiko yaro da littafi, uwar adashi kuma ta turo saƙon tuni. Kafin biyar ga sabon wata, mutumin da ake gani cikin shadda mai sheƙi da hula zanna-bukar ya koma laluben wanda zai ranta masa kuɗin mai.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Maganar gaskiya ce, sai dai mun mayar da ita abin lallashin kai, mun manta cewa hanji idan ya ƙulle yana iya kai mutum kushewa. Ni kaina na ɗanɗana wannan ƙullewa. Na shafe fiye da shekara biyu ina biyan basussukan da na ci a cikin 'yan watanni, kuma abin da na koya shi ne, lissafin biyan bashi ba shi da wuya, ɗan aji shida na firamare zai iya yin sa. Abin da ke kayar da mutum shi ne karayar zuciya a tsakiyar tafiya, da kuma tsoron abin da mutane za su ce.

Kafin a ɗora wa ma'aikaci laifi, ya kamata a yi masa adalci. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dalar da ake canjinta a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma kasuwa ta riga ta haɗiye ƙarin tun kafin ya iso. Farashin hatsi ya sauko a 2025, sai dai bashin da aka ci a lokacin tsanani bai sauko tare da shi ba. Don haka da yawa daga masu fama da bashi a yau ba almubazzarai ba ne. Duk da haka, sanin wanda ya haƙa ramin ba ya fitar da mutum daga cikinsa.

Mataki na farko shi ne mutum ya zauna da biro da takarda ya rubuta duk abin da ake bin sa: sunan mai bashi, adadin kuɗi, ruwan da ke hawa kansa, da ranar biya. Yawancinmu muna gudun wannan zama kamar yadda mai ciwo ke gudun gwajin asibiti. Ranar da na yi nawa, jimillar ta fi abin da nake zato, amma a daren nan ne na fara samun barci mai nauyi, domin abin da yake ta yi mini gizo ya koma lamba a kan takarda. Ba banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Daga nan sai tambayar wane za a fara biya. A ɗauki misalin ma'aikacin da manhajar rance ta waya ke bin sa naira 80,000, mai shago 45,000, ƙaninsa 200,000, ƙungiyar gama-kai kuma 600,000. Idan ruwan manhajar kashi 15 cikin ɗari ne a wata, naira 12,000 ke nan yake zubarwa kowane wata, 144,000 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan daram. Irin wannan bashi gobara ce, shi za a fara kashewa. Banda tsadarsa, wasu daga masu irin waɗannan manhajoji sun yi ƙaurin suna wajen tura saƙonnin tozarci ga duk lambobin da ke wayar mai bashi, lamarin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022.

Bayan an kashe gobara, shawarata ita ce a bi sauran daga ƙarami zuwa babba, ana ci gaba da ba kowa ɗan abin da aka yi alkawari, ana tattara duk rarar da ta samu a kan guda ɗaya har ya ƙare. Wasu masana biyu na Jami'ar Northwestern ta Amurka, David Gal da Blakeley McShane, sun wallafa wani bincike a 2012 da ya nuna cewa masu rufe basussuka ɗaya bayan ɗaya, komai ƙanƙantarsu, sun fi yiwuwar kai wa ga biyan duka. Dalilin a fili yake. Ranar da ka biya mai shago 45,000 ɗinsa ya ja layi a littafi a gabanka, ka daina canja hanya idan za ka masallaci. Wannan sauƙin numfashi shi ne guzurin da zai kai ka zango na gaba.

Mataki na uku ya fi wa maza da yawa nauyi: sanar da uwargida. Magidanci zai ɓoye bashinsa wai don kare girma, sannan ya riƙa faɗa a kan yawan man gyaɗar da aka zuba a miya, matar tana ganin rowa ce ta same shi ko kuwa aure yake shirin ƙarawa. Wadda take riƙe da tukunya ita ta fi kowa sanin inda kuɗi ke zurarewa. Idan ta ga takardar da idonta, ta san ranar da ake sa ran gamawa, za ta zama abokiyar yaƙi. Haka ma mace ma'aikaciya da ta ci bashin kayan ɗakin 'yarta ko ƙanwarta, ɓoye wa maigida ba ya rage ko kwabo.

Sai batun rage kashe kuɗi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: data da ake ƙonawa a kallon bidiyo har tsakar dare, tsiren bakin hanya, janaretan da ke kwana yana ruri, fita da mota zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa. Naira 1,500 a kullum ita ce 45,000 a wata, daidai bashin mai shagon da ke cikin misalinmu. Sayen buhun masara ko gero da kaka, a haɗa kuɗi da maƙwabta a saro daga kasuwa irin ta Dawanau, ya fi awon mudu-mudu a tsakiyar damina sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma fa manyan ramukan ba a kicin suke ba, suna cikin kalmomin nan uku: kada a ce. Kada a ce wane bai yi dina a bikin 'yarsa ba. Kada a ce matar wane ba ta fitar da anko ba. Kada a ce ragon layyarsa bai kai na maƙwabci ba, ko ya cire 'ya'yansa daga makaranta mai tsada. Akwatunan lefe, gara, kayan ɗaki da ɗinkunan Sallah kashi uku-uku, duk ana cin bashinsu saboda idon mutanen da ba za su taya ka biyan ko sisi ba. Malamai sun sha bayyana cewa layya a kan mai hali take. Masu magana za su yi ta kwana biyu su koma kan wani, kai kuwa za ka shekara kana biya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ban ce a yanke zumunci ba. Ma'aikacin Arewa ba shi kaɗai ke cin albashinsa ba, akwai iyaye, ƙanne, da marayun dangi. Abin yi shi ne a ware wa taimako wani adadi sananne a kowane wata, idan ya ƙare a faɗi gaskiya cikin ladabi. Cin bashi da ruwa don a yi kyauta a yaba maka ba karamci ba ne, ɗaukar haƙƙin wani ne ka yi ado da shi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne tsakiyar tafiya, daga wata na shida zuwa sama, sa'ad da zafin nama ya huce, ƙarshen kuma bai bayyana ba. A nan ne zuciya ke raɗa wa mutum cewa ya wahala da yawa, ya ɗan ranto ya huta. Abubuwa uku suka taimake ni. Na liƙa takardar basussukan a cikin ƙofar durowar kayana, ina rage adadin da jan biro duk ƙarshen wata, domin ido ya ga abin da zuciya ba ta ji. Na bar wa iyalina ɗan abin marmari sau ɗaya a wata, kaza ko fita da yara, domin igiyar da aka ja ta wuce kima tsinkewa take yi. Sannan na samu amini guda mai riƙon sirri da nake gaya wa inda na kwana. Watan da rashin lafiyar yaro ya rushe mini lissafi, shi ne ya tuna mini cewa tuntuɓe ba faɗuwa ba ne. Tun daga lokacin nake ajiye ɗan abu a gefe saboda larura, ko da naira 5,000 ce, don kada kowace matsala ta mayar da ni ga sabon rance.

Kada kuma a guje wa mai bashi. Kashe waya ba ya kashe bashi, hasali ma tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun mai bashi a wasu bankunan ta hanyar lambar BVN, muddin ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Ka je da ƙafarka, ka faɗi abin da za ka iya biya, ka kuma cika. Masu bin bashi su ma su tuna cewa addini ya yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka halatta wa zakka. Attajiranmu da hukumomin zakka na jihohi su riƙa waiwayar wannan rukuni, domin akwai masu mutunci da yawa da kunya ta hana su buɗe baki.

Ranar da na biya kason ƙarshe ba a yi kiɗa ba, ba a yi walima ba. Albashi ne kawai ya shigo, gari ya waye yana nan a cikin asusu, na tsaya ina duban wayar kamar baƙon abu. Mai karatu, idan kana cikin wannan hali, ka fara da takarda da biro a daren yau. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya biya wa mai bashi bashinsa, Ya wadata mu da halal, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.