Kafin A Biya Kuɗin Talla A Sitidiyo: Gaskiyar Na'urorin Da Ke Ƙyalli A Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ke cin kasuwannin yankinmu, daga ta Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Galmi har Badagishiri cikin Illela, ya san cewa a yau ba maƙogwaro kaɗai ke talla ba. Mai magani da mai sabulu da mai turare duk sun koma ɗaukar murya a memori, su saka a lasifika ta yi ta maimaitawa tun safe har la'asar. Haka nan iyayenmu mata, idan biki ya taso akan je sitidiyo a sa a yi wa amarya da ango waƙa da sunayen dangi. Wannan harka kuɗi ake zubawa a cikinta, kuma kuɗin guminmu ne, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa ƴan uwa ƴan kasuwa bayanin wani abu da ke ruɗin mutane da dama idan sun shiga irin waɗannan wurare.

Da zarar mutum ya zauna kusa da mai haɗa sauti, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne wasu na'urori a fuskar kwamfuta masu kama da manyan rediyoyin da, ga maɓallan murɗawa na azurfa, ga allura tana rawa, ga fitilu ja da kore, wani lokaci har da katako a gefe da ƴan kusoshi. Sai mutum ya ɗauka cewa lallai an kashe dukiya a wurin. To, gaskiyar magana ita ce babu ƙarfe ko katako ko ɗaya a ciki. Zane ne wani ya zauna ya zana. Abin da ke gyara muryar wata ƴar ƙaramar manhaja ce da ƴan sitidiyo ke kira fulogin, wadda ake liƙa wa babbar manhajar haɗa kiɗa, kuma aikinta lissafi ne tsantsa.

Daga ina abin ya samo asali?

A shekarar 1996 ne kamfanin Steinberg na birnin Hambug a ƙasar Jamus ya fito da tsarin da ake kira VST, wanda ya buɗe wa kowane mai ilmin kwamfuta ƙofar ƙera tasa ƴar manhajar sauti ya sayar. A 1997 wani kamfani a ƙasar Suwidin mai suna Propellerhead ya fito da ReBirth, wadda aka zana ta tamkar wasu tsofaffin na'urorin kiɗa na kamfanin Roland na Japan. A shekarar 2000 kuma suka fito da Reason, inda har mutum kan juya bayan na'urar a cikin kwamfuta ya ga wayoyi suna lilo, ya ciro wannan ya soka a can kamar mai gyaran rediyo.

Nan ƙasar Hausa ma guguwar ba ta bar mu ba. Tun a tsakiyar shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ta fara karɓe aikin makaɗa a waƙoƙin finafinan Kano, daga baya kwamfuta ta shigo da manhajar Fruity Loops ta ƙasar Beljiyam, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, tare da Auto-Tune, mai sa murya ta riƙa karkarwa, wadda ta fito a Amurka a 1997. Ɗan jiharmu ta Tawa, mawaƙi Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a shekarar 2008, da irin wannan gyaran murya. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, har a 2011 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya saka ɗaya daga cikinsu a wani faifai, abin da ya zama mafarin fitar sunansa a duniya. Ke nan ƙaramin sitidiyo ba abin rainawa ba ne.

Yadda ake zana ƙarfen da babu shi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba manyan kamfanoni kaɗai ke wannan sana'a ba. Akwai masu cin gashin kansu, mutum ɗaya ko biyu a cikin ɗaki, kamar dai mai tebur a gefen babban kanti. Irin wannan mutum aiki biyu ne a kansa. Na farko lissafin da zai gyara sautin, na biyu fuskar da mai saye zai gani. Idan bai iya zane ba dole ya ɗauko mai zane ya biya shi tun kafin ya sayar da ko guda.

Mai zanen kan fara gina na'urar ne a cikin manhajar zane mai nuna tsawo da faɗi da kauri, irin su Blender, wadda kyauta ake samunta. Sai ya zaɓi inda haske zai fito, galibi daga sama, domin inuwar kowane maɓalli ta faɗi gefe guda. Idan inuwa ta saɓa, nan take ido zai gane ƙarya ce. Maɓallin da ake gani yana juyawa kuwa ba juyawa yake ba. Hotonsa ake ɗauka sau 64 ko 128 ko makamancin haka, kowane hoto an ɗan gusa da shi kaɗan, a jera su kamar zaren fim, idan an ja sai kwamfuta ta riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma wata manhaja ta kyauta daga Japan mai suna KnobMan da aka yi musamman don wannan aiki. Ita ma allurar da ke rawa sai an koya mata tafiya, domin ta ainihi tana ɗaukar kusan sulusin daƙiƙa kafin ta kai inda za ta tsaya. Wasu har ƙarzuna da tsatsa da kodewar fenti suke ƙarawa don na'urar ta yi kama da wadda ta sha aiki.

Me ya sa ake wannan wahala? Dalili na farko sabo ne. Akwai wata na'urar daidaita ƙarfin murya da ake kira 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a Amurka a 1967, har yau ana ji da ita. Wanda ya saba da ita, da ya ga zanenta a kwamfuta ya san inda zai taɓa. Dalili na biyu kuwa kasuwa ne, kuma nan babu wanda zai koya wa ɗan kasuwa karatu. Mai albasa a Galmi ko Tsarnawa ya san amfanin jera manya a bakin buhu, mai atamfa ta san wadda za ta rataye a ƙofar shago. Mai manhaja ma hotonta ake fara gani a intanet kafin a ji sautinta.

Sai dai wannan ado yana da nasa nauyi. Ɗaruruwan hotuna na cin wuri, suna kuma iya wahalar da tsohuwar kwamfuta irin wadda ƙananan sitidiyo suka fi amfani da ita. Idan fuskar kwamfuta ta ƙara girma hoton kan dushe, sai an sake zana shi. Shi ya sa wasu masu sana'ar suka ƙi bin wannan hanya. Sean Costello na kamfanin Valhalla a birnin Siyatil na Amurka, manhajojinsa ba katako ba kusoshi, launi ne kawai da rubutu, ya kuma yi shekaru yana sayar da kowace a kan dalar Amurka 50 (ba dalarmu ta kasuwa ba), wato kusan jaka 30 na sefa, amma manyan sitidiyo na duniya na aiki da su. Wani kuma mai suna Chris Johnson, mai Airwindows, galibin nasa ba su da zane ko kaɗan, kyauta ma yake rabawa. Hatta kamfanin Apple a 2013 ya kwashe zanen fata da katako daga wayoyinsa.

Abin da ya kamata mai biya ya kula da shi

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a harkar sauti ji ne ya kori gani. Don haka Hajiya, idan kin je a yi miki tallar kayanki, kada ƙyallin kwamfuta ya sa ki amince da farashin da ya wuce kima, kada kuma rashinsa ya sa ki raina mai aiki. Ki kau da kai daga kwamfutar ki saurara da kunne. Abin tambaya shi ne, ana jin sunan kayan da farashinsu da inda rumfarki take sarai, ko kuwa kiɗa da amsa-kuwwa sun danne magana?

Na biyu, kunnen ɗan Adam kan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Idan za a jiyar da kai muryar kafin gyara da bayan gyara, Alhaji, ka ce a daidaita ƙarfinsu tukuna, sannan ka yanke hukunci. Na uku, manyan lasifikokin sitidiyo ba su ne za su bi ka kasuwa ba. A tura maka a salularka, ka kuma gwada a ƴar lasifikar da za ka yi tallar da ita, a waje cikin hayaniyar ƴan kabu-kabu, kafin ka cika sauran kuɗi. Na huɗu, a yi magana tun farko a kan ko za a sake maka ɗauka idan farashin kaya ya canja, da nawa za a ƙara. Sayen na gari dai mai da kuɗi gida ne.

Ga masu sitidiyo kuma muna da ƴar nasiha. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa manhajojin sata sun cika gari. Mai ƙaramin jarin da ya kwashe watanni yana lissafi da zane, idan aka kwafe kayansa ba a biya ba, daidai yake da wadda aka ɗebe wa tumatir a faifai tana kallo. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar kwamfuta da kan biyo irin waɗannan kaya ta lalata aikin mutane. Tunda akwai na kyauta masu inganci da masu su suka halatta, babu dalilin cin haƙƙin wani.

Ƙofa ce ga matasanmu

Wannan sana'a ba ta buƙatar shago ko mota ko kuɗin kwastan. Mun ga yadda rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, suka tsayar da ciniki tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya, amma kayan da ake aikawa ta intanet ba sa kwana a bakin iyaka. Matsalolin da ke gabanmu sanannu ne, wato tsadar intanet, da wahalar karɓar kuɗi daga waje, da kuma wuta, wadda muka ɗanɗana rashinta lokacin da Najeriya ta yanke mana ita a 2023, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018.

Duk da haka muna da abin da Bature ba shi da shi. Yaron da ya tashi yana jin kalangu da gurmi da goge da algaita, ya san yadda tsarkiyar kalangu ke sauya murya idan an matse ta a hammata, shi ya fi cancanta ya ɗauki sautinsu, ya zana fatarsu da ƙoƙonsu, ya sayar wa duniya. Saboda haka uwar da ta ga ɗanta ya duƙufa a kan zane a kwamfuta, ta bincika ta ga abin da yake koyo kafin ta ce wasa yake yi. Allah Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya kuma ba matasanmu sana'a mai amfani, amin.