Lasifikar Kunne da Amfilifaya Mai Kwalabe

Kafin taransisto, wanda aka ƙago a Amurka cikin 1947, ya game duniya, da kwalabe amfilifaya ke aiki, watau bawul. Ɗalibin da ya gaji irin wannan ya kan so ya cire babbar lasifika ya haɗa ta kunne, don kada ya dami 'yan ɗaki. To, a yi hankali.

Akwai taransifoma a bayan kwalaben, an naɗa ta ne domin lasifika mai om 4, 8 ko 16. Ta kunne kuwa ta kan kai om 32 har 300, ba ta shan ko wat guda. Sabo da haka taransifomar ta zama kamar ba kaya a kanta, sai wuta ta yi tsalle cikinta ta ƙone. Kunne kuma ya sha gunji.

Ga dabara. A sa rasista mai om 8 a gurbin lasifika, wanda zai ɗauki dukan wat na amfilifayar. Sa'an nan a jera wani mai om 330 a hanyar ta kunne.

Amma kada a buɗe akwatin, gama wutar ciki ta kan wuce bolt 300. Wanda bai saba ba, ya kai wa masu gyaran rediyo a kasuwar Gombe. Rigakafi ya fi magani.