FASHIN BAƘI: Yadda ake farfaɗo da tsohuwar kwamfuta don wasan gem a zamanin tsadar dala da wutar lantarki

A shagunan titin Beirut da ke Kano, da Banex a Abuja, da babbar kasuwar Computer Village ta Ikeja, akwai hajar da ba ta yankewa: baƙaƙen kwamfutocin ofis na hannu, galibi ƙirar Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ma'aikatun Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu. Ba don wasa aka ƙera su ba. Amma ga matashin da ke sha'awar buga eFootball ko GTA V ko Valorant, kuma ba shi da halin sayen sabuwar na'ura, su ne tubalin farko.

Tambayar da ke gabansa ita ce wane sashe zai fara sauyawa da ɗan abin da ya tara. Kuskure guda, kamar sayen katin hoton da kwamfutar ba ta da ƙarfin ba shi wuta, na iya cinye tanadin watanni. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a fara gano sashen da ke jan sauran baya, a kashe kuɗi a kansa, sannan a san inda za a tsaya.

Abin da ya sa sabuwa ta gagara

Ba a ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ko katin hoto a Najeriya, don haka farashinsu na bin dala sau da ƙafa. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a kasuwar hukuma. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ma'ana, kayan da farashinsa bai motsa ba a ƙasar da aka ƙera shi ya ninka har sau uku a hannun ɗan Najeriya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 bai kai dala 50 ba a lokacin.

Sai kuma wani nauyin da ya taso daga waje. Daga ƙarshen shekarar 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan masu ƙera ta, wato Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga biyan buƙatar cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a wannan fagen rashin zaɓi ne ya gaskata karin maganar.

Bincike kafin ciniki

Kwamfuta tamkar ayari ce, tafiyarta na daidai da tafiyar wanda ya fi kowa nawa. Sassa huɗu ne ke ɗaukar nauyin wasa: furosesa mai yin lissafi, RAM mai riƙe abin da ake aiki da shi nan take, ma'ajiyar bayanai, da katin hoto mai zana abin da ido ke gani.

Gano mai nawar ba ya cin ko kwabo. Manhajar Task Manager da ke cikin Windows tana nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi. Idan aka buɗe ta ana cikin wasa, aka ga ma'ajiya ta maƙale a kashi 100 cikin 100, to ita ce matsalar. Idan RAM ta cika, wasan zai riƙa tsayawa yana ci gaba. Idan katin hoto ne ya ƙure alhali furosesa na hutawa, nan ne sabon kati zai yi amfani. Idan kuwa furosesan ne ya ƙure, kati mai tsada ba zai ƙara abin a zo a gani ba.

Akwai kuma maƙiyin da mazauna Arewa suka sani sarai: ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙura na toshe fanka, kuma man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi na bushewa bayan shekaru. Da zafi ya doshi digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, furosesa na rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Kwamfutoci da dama da ake zaton tsufa ya kama su, datti ne kawai ya shaƙe su. Buroshi da iska da sabon man sanyaya na iya dawo da ƙarfin da aka yi zaton ya tafi.

Ma'ajiya da RAM: ƙaramin kuɗi, babban sauyi

Tsohuwar ma'ajiya mai faifan da ke juyawa tana karanta kimanin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa. SSD mafi sauƙin kuɗi, wadda ake haɗawa da wayar SATA, tana kaiwa kusan 550, kuma ta yi wa faifai fintinkau wajen lalubo ƙananan bayanai. Ba ta ƙara yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa, amma tana gajarta jiran buɗewa, tana kuma rage sarƙewar da ake gani a wasannin da ke da faɗin fili. Dabarar masu ƙaramin ƙarfi ita ce a ɗora Windows da wasan da aka fi bugawa a kan SSD, a bar tsohon faifan ya zama rumbu. Idan ta hannu ce, manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta tana nuna lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki.

Ta fuskar RAM, gigabait 8 na isa ga tsofaffin wasanni, amma na zamani sun fi sakewa a 16. Abu biyu ne ke yawan jawo asara. Na farko, nau'in RAM ba ya shiga ramin wani: kwamfutoci masu furosesan Intel zubi na 4, na shekarar 2013, suna amfani da DDR3, yayin da galibin na zubi na 6 zuwa sama ke amfani da DDR4. Na biyu, sanda biyu masu gigabait 8 kowacce sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa na ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Bambancin ya fi fitowa a na'urar da ba ta da katin hoto na daban, ciki har da laftof, wadda a mafi yawan lokuta RAM da ma'ajiya ne kaɗai ake iya sauya mata, tunda sauran sassan a manne suke.

Katin hoto da iyakar wat 75

Nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Kwamfutar ofis tana zuwa da ƙaramin akwatin raba wuta, sau da yawa mai ƙarfin wat 180 zuwa 300, kuma ba kasafai yake da wayar da manyan katuna ke buƙata ba. A yawancin ƙirar Dell da HP ma, bakin wayar da ke shiga babban allo na kamfanin ne shi kaɗai, don haka ba a cire akwatin a sa na kasuwa kai tsaye.

Ramin da ake soka katin hoto, wanda ake kira PCIe, yana bayar da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Wannan adadi shi ne shingen da mai irin wannan kwamfuta zai yi zaɓi a cikinsa. GTX 1050 Ti na 2016 da yawancin nau'ikan GTX 1650 na 2019 suna aiki da wutar ramin kaɗai, kowanne da gigabait 4 na ƙwaƙwalwar hoto. RTX 3050 mai gigabait 6, wanda ya fito a 2024, yana cin wat 70, ya kuma fi su ƙarfi da tsada. RX 6400 na kamfanin AMD yana cin wat 53 kacal, sai dai ƙarfinsa na raguwa a tsofaffin alluna. Shi kuwa RX 580 na 2017, wanda araharsa da gigabait 8 ke jan hankali, yana cin kusan wat 185, kuma ɗora shi a kan raunannen akwatin wuta na sa kwamfuta mutuwa ana tsakiyar wasa, wani lokacin ma da lalata wasu sassan.

Girman akwatin kwamfutar ma abin dubawa ne. Doguwar tana karɓar kati na gama-gari, siririyar sai gajeren kati, ita kuwa 'yar mitsitsiyar da ba ta wuce littafi ba, galibi ba ta karɓar kati.

Kasuwar katunan hannu na buƙatar taka-tsantsan. Bayan da Ethereum ta daina dogara da haƙa da katin hoto a watan Satumban 2022, ɗimbin katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka sauya wa suna suka koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z na tona asirin irin waɗannan. Haka nan GT 730, da nau'in GT 1030 mai DDR4, ba su cancanci kuɗin mai neman wasa ba, komai yawan gigabait da aka rubuta a kwalinsu. Araha ba ta ado. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan nemi a kunna katin a gabansa, a buga wasa na ɗan lokaci, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Bayan an sa katin, rage girman hoto daga 1080p zuwa 900p ko 720p, da kashe inuwa mai nauyi, da kunna fasahar FSR da AMD ta fitar a 2021 a wasannin da ke da ita, suna ƙara santsin wasa kyauta.

Lissafin wuta da data

A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya ta ƙara farashin yunit ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225, kafin daga bisani a rage shi kaɗan. Idan aka ɗauki yunit a naira 200, kwamfutar da ke cin wat 150 tare da allonta, ana kunna ta awa huɗu kullum, za ta ci yunit 18 a wata, wato naira 3,600. Mai cin wat 350 kuwa za ta ci yunit 42, wato naira 8,400. Ga wanda ke rukunin da ba a ba shi wuta sosai, bambancin ya fi haka nauyi, domin ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta na iya ɗaukar ta farkon, ta biyun kuwa sai an ƙara jari. Wannan ya sa katin da ba ya wuce wat 75 ya dace da yanayin ƙasar ta fuska biyu.

Ɗaukewar wuta ba zato na lalata bayanai, dawowarta da ƙarfi kuma na ƙona akwatin wuta. Saboda haka UPS ko sitabilaiza na cikin kasafin tun farko. Data ma haka: wasu manyan wasanni sun haura gigabait 100, ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Inda ya kamata a tsaya

Akwai iyakar da kamfanonin manhaja suka shata. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da shirin tsawaita gyaran tsaro ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wasu sababbin wasanni, irin su Battlefield 6, sun sharɗanta TPM 2.0 da Secure Boot domin daƙile masu maguɗi. Wasu kuma na neman fasahar AVX2, wadda furosesan Intel da suka girmi zubi na 4 ba su da ita.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, OptiPlex 7020 ko EliteDesk 800 G1 sun cancanci SSD da RAM da ƙaramin kati, amma ba su cancanci babban jari ba. Wanda zai sayi ta hannu yau ya fi masa alheri ya nemi OptiPlex 7060 ko EliteDesk 800 G4, masu zubi na 8. Mai allon AM4 na AMD ya fi kowa sa'a, domin da sabunta BIOS alluna da dama na karɓar Ryzen 5 5600 ba tare da an sauya RAM ba. Linux ma mafita ce, tunda fasahar Proton da Valve ta fitar a 2018 tana buga dubban wasannin Windows, sai dai Valorant da Fortnite ba sa aiki a kanta.

Hikimar saye ita ce a fifita abin da za a iya ƙaura da shi. SSD da katin hoto da UPS za su bi mai su zuwa kwamfuta ta gaba, amma DDR3 da tsohon furosesa za su ƙare tare da allon da suke kai.

Ƙa'idar Windows 11 tana da wata fuska ga ƙasashe irin Najeriya. Yayin da ofisoshin ƙasashen waje ke sallamar na'urorin da ba su cika sharaɗin ba, da yawa za su nufo tashoshin ruwan Legas, wasu da sauran amfani, wasu kuwa shara ce tsantsa. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, kuma hukumar NESREA ce ke da alhakin sa ido a kan shigo da kayan lantarki na hannu. Ƙarfin wannan sa idon na cikin abubuwan da za su tantance irin hajar da matashi zai tarar a shago, shi ya sa tambayar zubin furosesa da neman a kunna na'ura a gabansa suka zama wajibi kafin a fara maganar farashi.