Abin da Jinin Mai Ciki Ke Faɗa Kafin Jijjiga

A ƙauyukan Kiru, Bebeji da Doguwa, idan mai ciki ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga da taune harshe, wasu gidajen mai ruƙiyya suke fara kira, a ce iska ce ta buge ta. Alhali cutar ta yi makonni tana ruruwa, kuma alamominta suna yawo a cikin jini.

Rabin halittar ɗan tayi daga uba yake, saboda haka baƙo ne a wurin garkuwar jikin uwa. A 1953 masanin Birtaniya Peter Medawar ya tambayi abin da ke hana jikin mace korar ɗan tayi, tunda yana korar fatar wani idan aka dasa masa. Bincike ya nuna garkuwar ba barci take yi ba, sulhu ta shiga. Wasu ƙwayoyinta da ke bangon mahaifa ma su ne ke taimaka wa mabiyiya ta kafu, jijiyoyi su buɗe, jini ya wadaci ɗan.

Idan mabiyiya ba ta kafu da kyau ba, jini ya gaza mata, sai ta shiga zuba sinadarai cikin jinin uwa. Masu rura kumburi, irin su TNF-alfa da IL-6, su hau. IL-10, mai kwantar da tarzoma, yakan sauka. Hanta ta ƙara fitar da CRP. Wani furotin, sFlt-1, ya riƙa kame PlGF wanda ke kula da lafiyar jijiyoyi. Daga nan jijiyoyin su tsuke, awon jini ya kai 140/90 bayan mako 20 na ciki, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari.

Sai dai karanta waɗannan alamomi a ƙasar sauro da wuya, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP da TNF-alfa. A 1996, a Kenya, Michal Fried da Patrick Duffy sun gano yadda jajayen ƙwayoyin jinin da cutar zazzaɓin ta shiga suke maƙalewa a mabiyiya. Mai cikin fari ba ta da garkuwar da za ta hana wannan, sai ta yi ciki ɗaya ko biyu jikinta ke koya. Shi ya sa ake ba masu zuwa awo Fansida ko da lafiyarsu ƙalau.

Gwajin da ya fi yin tasiri shi ne na auna sFlt-1 a kan PlGF. Wani bincike na 2016 ya nuna idan sakamakon bai wuce 38 ba, da wuya cutar da ke kawo jijjiga ta bayyana cikin mako guda, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan gwaji. Yana da tsada, yana kuma buƙatar na'ura da wutar da ba ta ɗaukewa, don haka ba a kansa ya kamata matan karkara su ɗora rai ba tukuna.

Abin da ya ceci rayuka a Kano mai araha ne. A 2008 ƙungiyar Population Council da gwamnatin jiha suka kai allurar magniziyam salfet asibitoci 10, ciki har da na Tudun Wada da Doguwa, aka horar da ma'aikata. Mutuwar masu jijjiga a asibitocin ta sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3.

Allurar tana tsayar da jijjiga ne kawai. Cutar ba ta lafawa sai mabiyiya ta fita, kuma takan taso ko bayan haihuwa, mai jego tana tsakar wanka. Ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko zafi a saman ciki ta dama, kowanne ya isa a kai mace asibiti a ranar, a auna jini, a duba fitsari.