Fallen Da Ko Nawa Aka Taya Sai A Ce Albarka: Labarin Masu Tara Zanen Katun Na Japan

A cikin watan Mayu na shekarar 2018 aka yi wani gwanjo a birnin Faris, inda kamfanin 'yan gwanjo mai suna Artcurial ya fito da takarda falle guda, wadda faɗinta bai kai na shafin jaridar nan ba. Shafi ne na littafin labari cikin hotuna, ɗauke da zanen wani yaron ƙarfe da ake kira Atom, wanda Turawa suka sani da sunan Astro Boy, kuma Osamu Tezuka ne ya zana shi da hannunsa. An sayar da takardar nan a kan yuro 269,400.

Labarin ya zaga duniya, gama kuɗi shi ne abin da kunne ke saurin kamawa. Amma masu tara irin waɗannan zane-zane lissafi biyu gare su. Akwai na kasuwa, wanda kowa ke iya karantawa a takardar gwanjo, akwai kuma wanda mai kaya kaɗai ya san kansa. Mutum yana iya mallakar falle ɗari biyar, in ka ce ya nuna maka wanda ya fi so, sai ya tsallake masu tsadar, ya zaro wani wanda ya koɗe, wanda ko dillali ba zai waiwaya ba, ya ce maka wannan kam ko nawa ka taya albarka. Don mai karatu ya gane dalili, sai mu fara da sanin ko mene ne fallen nan, da yadda aka yi ya fito daga ɗakin masu zane ya shiga hannun jama'a.

Japanawa suna kiran hotunan zane masu motsi anime. Waɗanda suka yi ƙuruciya a biranen Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun sha ganin irinsu a telebijin, ko da ba su san daga inda suka fito ba. Shirin Voltron, mai zakokin ƙarfe guda biyar waɗanda kan haɗu su zama ƙato guda, kamfanin Toei na Tokiyo ne ya zana shi a 1981 da sunan Golion, kafin Amurkawa su yayyanka shi, su sake masa suna a 1984. Duk wani motsi da zakokin nan suka yi a gaban yaranmu, hannun mutum ne ya zana shi, hannun mutum ya shafa masa fenti.

YADDA AKE YIN FALLEN

Da fari babban mai zane yakan zana muhimman motsi da fensir a takarda, ana kiran wannan genga. Sa'an nan na ƙasa da shi su cike motsin da ke tsakani, su tsabtace layukan, wannan kuma shi ne doga. Daga nan a kwafe layukan a kan wani falle na roba garai-garai kamar gilashi, wanda ake kira sel. Mai fenti sai ta kifa fallen, ta shafa launi ta bayansa, domin kada fenti ya rufe layin. In ya bushe, a ɗora shi a kan hoton daji ko na gari wanda aka zana daban, a saka ramuka ukun da ke samansa cikin 'yan ƙusoshi don kada ya goce, kyamara ta ɗauka daga bisa. A cire, a ɗora na gaba.

Majigi yana nuna hoto 24 a cikin sakan ɗaya. Da Tezuka ya fara shirin Atom a telebijin ran 1 ga Janairu 1963, tilas ya riƙa fitar da rabin awa kowane mako, ga ƙarancin kuɗi ga ƙarancin ma'aikata, sai ya rage yawan zanen ya koma takwas a sakan, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wannan dabara ta bi sauran kamfanoni. Ke nan fallen da mutum ke riƙe da shi a hannu, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na sakan ba a idon mai kallo, bai ko kai ƙiftawar ido sosai ba. Duk da wannan tsimi, shirin rabin awa yakan ci falle wajen 3,000. Manyan finafinan silima kuwa ba a magana: Akira na 1988 ya ci fiye da 160,000, Gimbiya Mononoke na 1997 kuma wajen 144,000.

To, ina za a kai wannan tarin kaya bayan an gama ɗauka? A wurin kamfani aikinsu ya ƙare, gama fim shi ne haja, fallen kuwa tamkar ɓawon gyaɗa ne bayan an ɓare. Ga nauyi, ga cin wuri, ga shi fenti yana manne su da juna in an jibga. Da yawa an zubar, waɗansu an ba yaran da suka zo ziyara, waɗansu kuma an sayar a kan kuɗi ƙalilan. Alamar farko da ta nuna wa kowa cewa akwai masu ƙaunar sharar nan ta bayyana a watan Agusta 1977, sa'ad da aka fito da fim ɗin jirgin sararin samaniya Yamato, aka sanar cewa waɗanda suka riga zuwa za a ba su kyautar falle. Samari da 'yan mata suka kwana a layi a ƙofar gidajen silima. A 1980 kuma Masuzo Furukawa ya buɗe wani ɗan kantin tsofaffin littattafan zane mai suna Mandarake a unguwar Nakano ta Tokiyo, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin fallen nan, har da gwanjo na kansa.

ABIN DA KASUWA KE SO, DA ABIN DA RAI KE SO

Dillalai suna da ƙa'idojinsu, kuma ba su da wuyar ganewa. Suna son jarumin labari, fuskarsa babba a tsakiyar falle, idanunsa duka biyu a buɗe, layuka baƙi wuluk, kuma a ce hoton bayan da aka ɗauke shi a kai yana tare da shi. In aka dace fim ɗin na kamfanin Ghibli ne, wanda Hayao Miyazaki da Isao Takahata suka kafa tare da abokansu a 1985, to kuɗin yana iya kaiwa dubban daloli masu yawa. Fallen da jarumi ya juya baya, ko ya runtse ido, ko ya tsaya can nesa ɗan mitsitsi, wannan arha ne. Akwai ma wanda ba kome a jikinsa sai baki kaɗai, domin sau da yawa jiki na falle ɗaya, baki na wani, a riƙa sauya bakin kawai in jarumi na magana.

Rai kuwa ba ruwansa da waɗannan ƙa'idoji, abin da yake nema shi ne lokacin da labari ya taɓa shi. Japanawa sun daɗe da nuna cewa mutanen zane ba abin wasa ba ne a wurinsu. A watan Maris 1970, da ɗan damben nan Rikiishi ya mutu a cikin labarin Ashita no Joe, ɗaruruwan mutane suka taru a zauren kamfanin ɗab'i na Kodansha a Tokiyo, aka yi masa zaman makoki sosai, alhali kuwa ba a taɓa haihuwarsa ba. A 1975 kuma aka nuna shirin Karen Flanders har kashi 52, labarin yaro maraya Nello da karensa Patrasche, wanda burinsa shi ne ya ga zanen Rubens da ke rufe cikin babbar majami'ar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ba shi kuwa da kuɗin biya. A kashi na ƙarshe ya gan su, sanyi ya kashe shi da karensa a gabansu. Yaran da suka kalli wannan sun girma, har waɗansu suka riƙa yin tafiya takanas zuwa Antwerp don su tsaya inda yaron ya kwanta. Yanzu fa a ce ɗaya daga cikinsu ya sami falle daga wannan daren, ko da idon yaron a rufe yake, ko da rabin kare ne kawai ya fito. Ƙa'idar dillali ta ce rufaffen ido yana rage kuɗi, mai fallen kuwa don rufaffen idon nan ya saya.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ƙarfi shi ne kowane falle ba shi da na biyu. Littafi ana buga shi dubu, faifai ana buga shi dubu, amma wannan fallen shi kansa ne ya kwanta a ƙarƙashin kyamara, hasken da ya bi ta jikinsa shi ne ya iso gidan yaro. Saboda haka ne masu tarawa ke da wata al'ada: in mutum ya sayi falle, sai ya nemo shirin, ya riƙa tsai da hoton ɗaya bayan ɗaya, har ya kai daidai kan nasa. A kusurwar fallen akwai lamba, kamar A3 ko B12, wadda ke nuna matsayinsa a jerin motsi. Wani yakan share shekaru yana neman A4 don ya haɗa da A3 ɗinsa, alhali bambancinsu bai fi ɗaga yatsa ba. Na ji masu cewa wannan wauta ce. A ganina wanda ya taɓa ajiye tsohuwar wasiƙar mahaifinsa a ƙasan akwati bai kamata ya yi saurin dariya ba.

Akwai kuma bayan fallen, wanda mai kallo bai taɓa gani ba. Ta gaba kome sumul, amma in ka kifa shi sai ka ga fenti tudu-tudu, ka ga inda burushi ya bi, wani lokaci har da 'yar alamar da aka rubuta a takardar fensir don nuna inda inuwa za ta faɗa. Galibin masu wannan aiki mata ne, da yawa ana biyansu ne bisa yawan fallen da suka gama, kuma ba safai mai kallo ke sanin sunansu ba. Kaɗan ne suka yi suna. Michiyo Yasuda ta shiga Toei a 1958 a sashen kwafe layi da fenti, ta zo ta zama mai zaɓen launukan finafinan Miyazaki, ta rasu a 2016. Yoko Hatta kuwa, wadda ta yi aikin fenti a kamfanin Tezuka, ita ce ta tara matan aure na unguwarsu a yankin Kiyoto a 1981 suna karɓar aikin fenti daga manyan kamfanoni, daga nan kamfanin Kyoto Animation ya samo asali. Ran 18 ga Yuli 2019 wani mutum ya zuba fetur ya cinna wa ɗakin aikin kamfanin wuta, mutum 36 suka halaka. An ceto abin da ke cikin na'urar ajiya ta kwamfuta, amma takardun zane masu yawa sun ƙone. Tun daga ranar, duk wanda ke da wata takarda da hannun ɗaya daga cikin mamatan ya taɓa, da wani ido dabam yake dubanta.

KAYAN DA KE CIN KANSA

Ba a ƙara yin sabon falle. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka koma shafa launi da kwamfuta, Ghibli ta bar sel bayan Mononoke, shirin iyali na Sazae-san kuwa, wanda aka fara a 1969, shi ne ya yi ta riƙo har watan Satumba 2013, sa'an nan shi ma ya saki. Abin da ke hannun mutane shi ke nan, kuma kullum raguwa yake yi.

Gama ba a yi fallen don ya daɗe ba, an yi shi ne ya yi aikin 'yan makonni. Robar tana ruɓewa a hankali, musamman inda akwai zafi da laima, tana fitar da wani wari mai tsami irin na ruwan khal, ta yamutse, ta lanƙwashe, kuma tururin da take fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da ita. Layukan da aka kwafe da na'ura sukan koɗe su koma ruwan ƙasa in haske ya daɗe a kansu. Fenti kuma yakan manne da takardar fensir da aka ajiye a bayansa, in ka ja da ƙarfi ka ɓantaro shi. Masana adana kayan tarihi shawararsu ita ce a ajiye falle a wuri mai sanyi, busasshe, mai duhu, a bar masa hanyar shan iska, a riƙa sauya ledar da yake ciki.

A nan ne mai ƙauna ke shiga tsaka mai wuya. Fallen da ya saya don riba ba shi da wahalar sha'ani, a rufe shi a duhu sai ranar gwanjo. Wanda yake so fa? In ya rataye shi a bango yana ganinsa safe da yamma, da idonsa zai ga layin yana dusashewa shekara bayan shekara. In ya rufe shi a akwati ya tsira, amma ya zama kamar ba shi da shi. Waɗansu sun sami mafita, sukan ɗauki hotonsa su rataye kwafin, su ɓoye na ainihi. Waɗansu kuwa sun ƙi, suna ganin kwafi ko a kanti ana samu, don me suka sha wahalar neman na ainihi? Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka iske fallen da ya fi koɗewa a gida shi ne wanda aka fi so.

Samarin da suka kwana a layin Yamato a 1977 yanzu sun haura shekara sittin. 'Ya'yansu ba lalle ne su san Rikiishi ko Nello ba, kuma in ranar rabon gado ta zo, lissafin kasuwa kaɗai za su iya karantawa: masu tsada su tafi gwanjo, mai rufaffen ido kuwa ya bi kwandon shara, inda aka ceto shi tun farko. Jami'ar Niigata ta buɗe cibiyar adana kayan anime a 2016, gwamnatin birnin Tokiyo kuma ta buɗe wani gida mai suna Anime Tokyo Station a unguwar Ikebukuro a 2023, inda ake ajiye tsofaffin falle da takardun zane, ana nuna waɗansu ga jama'a. Irin waɗannan wurare suna rubuta sunan shiri, da shekara, da lambar da ke kusurwa, su sa falle a ɗaki mai sanyi.